Yadda zaku gyara unguwarku ba tare da gyaran ya kori talakawan cikinta ba

Duk damina maganar ɗaya ce a unguwanninmu na cikin gari, kwata ta toshe, ruwa ya shiga ɗakuna, katangar wane ta faɗi, yara sai zazzaɓi, a taru a ƙofar masallaci bayan isha'i ana ta faɗa da kansila da ciyaman a bayan idonsu, ruwa na ɗaukewa kuma kowa ya kama gabansa sai baɗi. Wata unguwar kuma Allah ya tarfa wa garinta nono, an zuba kwalta an ja kwata an kafa fitilun sola, amma kafin a shekara biyu mai gida ya ninka kuɗin haya, gidajen bakin titi sun koma shaguna da sito, mutanen da suka ƙare ƙuruciyarsu suna tsallaken taɓo a wajen sun tattara sun koma can bayan gari inda ba famfo ba makaranta. Wannan na biyun shine yafi yi min ciwo wallahi, domin wanda ya sha wahalar unguwa shi ya kamata ya fara shan daɗinta. Toh ga yadda nake ganin ya kamata ku bi abin idan kun tashi da gaske.

Kar ku fara da unguwa gaba ɗaya, ku fara da lungu ɗaya. Mutane na son a kira babban taro a kafa ƙungiya mai dogon suna da shugaba da mataimaki na ɗaya da na biyu, a buga kalanda, sai a ƙare a rigimar muƙami ko shebur ɗaya ba a ɗaga ba. Lungu kuwa gida ashirin ne ko talatin, kowa ya san kowa, an san wanda zai biya yau da wanda sai ƙarshen wata, an san wanda in an ba shi kuɗi sun tafi kenan. A haka mutanen Orangi suka yi nasu. Orangi wata ƙatuwar unguwar talakawa ce a birnin Karachi na Pakistan wadda gwamnati bata tsara ta ba, ƙazanta na gudu a tsakiyar lungu kamar dai yadda muka sani. A 1980 wani dattijo mai suna Akhtar Hameed Khan ya fara aiki da su, kuma bai zo musu da kuɗin raba wa kowa ba, ya zo da masu awo da shawara da aron kayan aiki. Kowane lungu ya zaɓi mutum ɗaya a cikinsu ya tara kuɗi, su suka haƙa, su suka binne bututun da zai kwashe ƙazantar banɗakunansu, a kan kuɗin da bai ko kusa da abinda ɗan kwangilar gwamnati zai caja ba. Lungun kusa ya ga na maƙwabta ya bushe yara na wasa a ciki, su ma suka ce a zo a auna musu. A haka har akasarin lungunan Orangi suka samu. Kuma tun farko sun raba aikin gida biyu, na ciki wato banɗaki da bututun lungu da ƙaramin bututun da ke haɗa lunguna nasu ne, na waje wato babban bututu da wajen tace ƙazanta na gwamnati ne. Ku riƙe wannan rabon da kyau, zan dawo kansa.

Kafin ku taɓa shebur sai kun san su waye a lungun, kuma anan ne adalcin yake farawa ko yake mutuwa. Ku sami matasa biyu maza da mata biyu, littafi babba mai layi, a bi gida gida. A rubuta mutum nawa ne a gidan, na mai shi ne ko haya ne ko gidan gado ne da ba a raba ba, ɗaki nawa ake haya kuma nawa ake biya a yanzu, ina ruwan wankansu yake fita, masai ne ko sokawe, ina suke ɗibar ruwan sha, wace sana'a ake yi a cikin gidan. Wannan ta ƙarshen kar a raina ta, a gidajenmu akwai mai ƙosai, mai ɗinkin hula, mai kitso, mai markaɗe, mai saida itace, duk wani gyara da zai rufe hanya wata biyu su zai fara kashe wa kasuwa. In akwai tsangaya a lungun a je wajen malam a ƙirga almajirai, su ma mutanen lungun ne, suna kwana a nan suna kama ruwa a nan, duk lissafin banɗaki da aka yi babu su ƙarya ne. Daga nan a zana taswira ko da hannu ne a kan kwali, a nuna inda ruwa ke kwanciya, inda yake bi, inda bola take, rijiyoyi, turakun wuta, fili ko kangon da ba kowa. Mai wayar zamani zai iya buɗe Google Maps ya ɗauko hoton unguwar ta sama a buga a shagon kwamfuta a yi zanen a kai, akwai kuma manhajar KoboToolbox da ake cike bayanai da ita ko babu data. Matasan Kibera a Nairobi a 2009 da kansu suka sa unguwarsu a taswirar intanet bayan ta daɗe kamar babu ita a takarda. Ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi kuwa ku fita da waya ku ɗauki hoto da bidiyo, wannan shaidar tafi dogon turanci aiki a ofis.

Sai dai ku sani taswira tana taɓa masu cin moriyar duhu. Matar da ta gaji jagorancin aikin Orangi, Perween Rahman, wadda ta yi shekaru tana zana filayen talakawan Karachi, harbe ta aka yi a 2013, kuma mutane da yawa sun danganta kisan da yadda aikinta ke tona masu cinye filaye. Ba tsoro nake ba ku ba, amma kar a bar takardun a hannun mutum ɗaya, a yi kwafi uku ko huɗu, kuma duk maganar fili a yi ta a bainar jama'a.

Yanzu maganar kwamiti. Mai unguwa uba ne, a fara da kai masa gaisuwa a sanar da shi, shi zai kai ku wajen dagaci, dagaci ya kai ku wajen hakimi idan abin ya girma, kuma duk takardar da zaku kai ƙaramar hukuma tafi nauyi da sa hannunsa. Liman ma haka, sanarwa ɗaya bayan sallah ta fi katin gayyata ɗari. Amma kar a ɗora musu riƙon kuɗi, don ranar da lissafi ya rikice ba mai iya tsayawa ya tuhumi mai unguwa ko liman, sai dai gunaguni, gunagunin nan kuma shi ke kashe aikin gayya. Kwamitin ya zama ƙarami, mutum bakwai sun isa, amma dole a ciki akwai ɗan haya aƙalla biyu, akwai matashi, akwai wanda ba ɗan asalin garin ba idan lungun na da baƙi, Bayarabe ne ko Inyamuri ko ɗan Nijar ko wanda rikici ya koro daga ƙauye. Mata kuma kar a yaudari kai a ce ai an gayyace su basu zo ba. Taron da ake yi a ƙofar masallaci da daddare ba nasu bane. A yi musu nasu da rana a cikin wani gida ko a Islamiyyar matan aure, uwar adashi ko malama ko ungozoma ta jagoranta, abinda suka yanke a kawo shi a rubuce kuma ya zama yana da ƙuri'a. Zaku sha mamaki, sau tari maza zasu ce kwalta suke so saboda mota da babur, mata kuma su ce ruwa da fitila a lungu da hanyar da mai naƙuda zata fita cikin dare, kuma su ne ke wuni a unguwar.

Ɗan siyasa in ya kawo siminti a karɓa a yi godiya a rubuta a littafi kamar na kowa, amma kar a ba shi kujera, kar a sa hotonsa a allon aiki. Rana ɗaya aka ce ƙungiyar ta jam'iyya kaza ce, rabin lungu sun janye hannu.

Aikin farko ya zama ƙarami wanda za a gama cikin sati biyu ko uku kowa ya gani da idonsa. Ko a Amurka haka aka yi, a unguwar Dudley da ke birnin Boston, unguwar baƙaƙen fata da baƙi 'yan ƙasashen waje wadda ta cika da kangaye, mutanen da suka kafa ƙungiyarsu a 1984 ba da gina gidaje suka fara ba, da yaƙi da masu zuwa su jibge musu shara da matattun motoci suka fara, sai da jama'a suka ga an yi nasara a wannan sannan aka shiga maganar filaye. Mu a nan yawanci yashe kwata ne da kwashe bola. In kwata zaku gina, don Allah ku nemo mai ilimin abin ya auna muku gangare, ko ɗalibin injiniya na foliteknik ɗan unguwa ko tsohon ma'aikacin ma'aikatar ayyuka da ya yi ritaya, ana samunsu a kowace unguwa kuma suna jin daɗi a neme su. A fara gini daga ƙasa inda ruwan zai faɗa a hauro sama, kar a fara daga ƙofar gidan Alhaji don shi ya bada kuɗi da yawa. Kuma a tambayi kai ina ruwan zai je, domin in kun gyara naku kun tura wa lungun da ke ƙasanku ruwa ya rushe musu ɗakuna, zalunci kuka yi da kuɗinku, sai a je a zauna da su tun kafin a fara haƙa. A rufe kwatar da silab a ƙofar gidaje da inda yara da tsofaffi da makafi ke bi, amma a bar wuraren da za a iya ɗagawa a yashe. In ana maganar sokawe ko masai, a nisanta shi da rijiya, masana na cewa kamar mita 30, in filin bai kai ba gara a daina shan rijiyar a bar ta ta wanki.

Kuɗi. Anan yawancin ƙungiyoyi suke mutuwa. Raba kuɗi daidai wa daida a kan kowane gida kamar adalci ne amma ba adalci bane, bazawara mai marayu biyar da mai gidan bene mai shago huɗu a ƙasa ba zasu biya abu ɗaya ba. A kasa gidajen uku, masu ƙarfi, matsakaita, da waɗanda za a ɗauke wa gaba ɗaya, kuma a yi wannan a cikin kwamiti a rufe ba tare da tozarta kowa ba. Wanda bashi da kuɗi yana da ƙarfi ya bada kwana biyu na haƙa a rubuta masa a matsayin kuɗi, matar da ta dafa wa ma'aikata abinci ita ma a rubuta. Gidan haya kuma mai gidan ne zai biya kason gini tunda darajar gidansa ce zata ƙaru, ɗan haya ya biya na shara da gyaran yau da kullum. Shaguna da masu gidan burodi da masu saida ruwan leda da ke cikin lungun a sa musu nasu daban, motocinsu ne ke fasa silab. A buɗe asusu a banki da sunan ƙungiya da sa hannun mutum uku, ba asusun ma'aji na kansa ba, wannan zai sa ku yi rajista, ko a sashen ci gaban al'umma na ƙaramar hukuma ko a hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi ta ƙasa, wato CAC, idan kuna son abin ya yi nisa. Kowane wata a liƙa lissafi a bangon masallaci a kuma tura hotonsa a guruf ɗin WhatsApp, abinda ya shigo, abinda ya fita, buhun siminti nawa, tifar yashi nawa, da rasit. Ko naira ɗari biyar ce ta ɓace a faɗa. Kuma aikin a ba magina da leburorin unguwa, kuɗin ya zaga a cikin gida, yaran da ake kuka da su suna zaman banza a bakin lungu in suka gina kwata da hannunsu ba zasu bari a zuba mata shara ba.

Toh sai gwamnati, wato aikin waje da na ce zan dawo kansa. Babbar kwatar da ke bakin titi, kwalbati, taransifoma, kwalta, motar kwashe shara, wannan ba aikinku bane kuma kar ku bari a mayar da shi naku, haraji kuke biya. Bambancin kawai yanzu ba da hannu biyu zaku je kuna roƙo ba, zaku je da taswira da hotuna da lissafin abinda kuka kashe, ku ce mun yi namu ga inda ya tsaya, saura naku. A rubuta takarda, a kai ofis, a sa su buga hatimin karɓa a kan kwafinku da kwanan wata, in ba haka ba gobe a ce ba a gani ba. A kai wa kansila da ciyaman da ɗan majalisar jiha, a kai wa hukumar da abin ya shafa, a Kano misali maganar tsara gini da hanya ta KNUPDA ce, shara kuma REMASAB. Ku kai da wuri kafin gwamna ya gabatar da kasafin kuɗi a ƙarshen shekara, buƙatar da ta zo bayan an rufe kasafi sai dai a ce muku sai baɗi. Ku riƙa bibiyar shirye-shiryen da ake yi da kuɗin Bankin Duniya, irin CSDP da aka yi shekaru ana yi a jihohi inda al'umma ke zaɓar aikinta ta kawo kaso kaɗan na kuɗin a cika mata sauran, irin waɗannan wanda ya riga ya shirya da rajista da asusu shi ke samu. In an ce an bada kwangilar titinku amma shiru, akwai dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 da ta ba ku damar neman bayani a rubuce daga hukuma, kuma akwai gidajen rediyo, a je da takardu a yi magana cikin ladabi ba zagi.

Yanzu ga ɓangaren da aka fi mantawa da shi kuma ni shine dalilin rubutun nan. Duk unguwar da ta gyaru kuɗinta zai tashi, wannan ba makawa, don haka maganar kare masu ƙaramin ƙarfi a yi ta kafin a fara aiki, lokacin da masu gidaje ke buƙatar hannun kowa. A zauna da masu gidajen haya a gaban mai unguwa a rubuta yarjejeniya cewa ba za a ƙara haya ba na shekara biyu ko uku bayan an gama, ko kuma in za a ƙara kar ya wuce kaza, a sa hannu da shaidu. Wani zai ce ai ba doka bace, gaskiya ne, amma mutumin da ya sa hannu a gaban liman da maƙwabtansa yana jin nauyin tashi ya karya, kuma shi ya sa tun farko na ce a rubuta nawa kowa ke biya. A koya wa 'yan haya karɓar rasit, a kuma sanar da su cewa a jihohi da yawa mai biyan haya ta shekara sai an ba shi notis na wata shida, ba a wayi gari a watso masa kaya ba.

Masu gidaje kuma ku nemi takarda. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna, yana iya karɓe fili don amfanin jama'a, diyyar kuma ta abinda ka gina ce a kai, ɗan haya kuwa yawanci ko sisi baya gani. Mutanen Maroko a Legas kwana bakwai aka ba su a watan Yulin 1990 lokacin mulkin soja na Raji Rasaki, aka rushe matsugunin mutane kusan 300,000 da sunan wajen bai dace da zaman ɗan Adam ba, yau wajen na cikin filaye mafi tsada a ƙasar nan kuma ba su ne a ciki ba. Takarda bata hana mai ƙarfi yin abinda ya ga dama kullum, amma wanda ke da ita yana da bakin magana a kotu, kuma unguwar da ke da ƙidaya da taswira da ƙungiya tafi wuyar sharewa a dare ɗaya. Ku haɗu ku nemi takardun a tare, lauya ɗaya da mai awo ɗaya, yafi sauƙi kuma yafi arha.

Gidajen gado su ne ƙofar da unguwa ke zubewa ta cikinta. Duk wanda ya san Fagge da kewayen Kantin Kwari ya ga yadda gidajen zama ke komawa shaguna da sito ɗaya bayan ɗaya, magada goma, biyu na son kuɗinsu, ɗan kasuwa ya zo da tayin da ba mai iya ja, a sayar, tsohuwar da ta shekara hamsin a ɗakinta ta ƙare a haya a wani wajen da bata san kowa ba. Ba mai hana magaji haƙƙinsa, amma a tambayi malamai maganar shuf'a, wato haƙƙin da abokin tarayya ke da shi na ya riga bare sayen kason ɗan uwansa a abinda ba a raba ba, kuma ƙungiya in ta yi ƙarfi tana iya kafa asusun rance mara ruwa da zai taimaki mazauna gidan su biya masu son fita a hankali. A Tailan shirin Baan Mankong da aka fara a 2003 a kan irin wannan tunanin ya tsayu, 'yan unguwa su yi adashinsu, gwamnati ta ba ƙungiyar rance mai sauƙi, filin kuma a riƙe shi da sunan jama'a gaba ɗaya yadda dillali ba zai bi su ɗaya ɗaya yana saye ba. Mutanen Dudley ma da suka sami iko a kan kangayen unguwarsu a 1988 a asusun amana suka zuba filayen, mutum ya mallaki gidan amma ƙasar ta jama'a ce, in zai sayar akwai iyakar ribar da zai ɗora. Mu kuma muna da waƙafi tun tuni, sai dai mun taƙaita shi a masallaci da maƙabarta. Mai hali a unguwa zai iya yin waƙafin gida mai ɗakuna shida don zawarawa da marayu su zauna a haya mai rahusa har abada, ko shago biyu da kuɗin hayarsu zai riƙa yashe kwata da gyaran famfo, a rubuta a kotu da shaidu yadda magada ba zasu tayar da maganar ba bayan ransa.

Haka filin ƙwallon yara da kududdufi da 'yar kasuwar bakin layi. Kududdufan nan da ake ta cikewa da shara ana yanka fuloti su ne ke shanye ruwan damina tun zamanin kakanni, duk wanda aka cike ruwansa gidan wani zai shiga, ku sa su a taswira, ku rubuta wa hukuma kuna so a killace su a tsaftace. In titi ya zo kuma aka ce masu tebur da mai shayi da mai faci su tashi, kwamiti ya nemar musu gefe a shata musu layi kafin ranar, da su aka yi zaman taɓo.

Bayan an gama kar a rushe kwamiti. A sa kuɗin wata kaɗan wanda kowa zai iya, a ɗauki yaro biyu masu kura ko baro su riƙa bin gida gida suna karɓar shara ana biyansu daga ciki, a tsayar da ranar yashe kwata sau biyu, ɗaya kafin ruwan farko ɗaya a tsakiyar Agusta, inda ake tsaftar muhalli ta Asabar ɗin ƙarshen wata kamar Kano sai a haɗa da ita. Duk shekara a sake zaɓe ko da mutanen nan ne zasu dawo, a kuma ɗauko littafin nan na farko a sake bin gida gida a duba, waye ya tashi, me ya tashe shi, nawa haya ta koma. In kun ga 'yan haya biyar sun bar lungu a shekara ɗaya, ku kira masu gidajen zama tun kafin a fara maganar lungu na gaba.